Shiko Mendes, Mai Tsagar Roba Wanda Ya Tsaya Wa Kurmi

A cikin wannan wata za mu ba ku labarin wani talaka, mutumin ƙasar Birazil, can Amurka ta Kudu. Bai yi makaranta yana yaro ba, bai kuwa tara dukiya ba, amma sa'ad da aka kashe shi a ƙarshen shekara ta 1988 labarin mutuwarsa ya gama duniya. Sunansa na ainihi Francisco Alves Mendes Filho, amma kowa Shiko ya ke kiransa, da rubutunsu kuwa Chico. Sana'arsa tsagar itacen roba ce, watau danƙon nan da a ke yin tayar keke da ta mota da shi. Kafin mu shiga labarinsa sai mu fara da labarin itacen, gama ba za a gane mutumin ba sai an gane abin da ya kai iyayensa cikin kurmi.

Asalin itacen roba a kurmin Amazon ya ke. Shi ne kurmi mafi girma a ƙasashe masu zafi, babban kogin Amazon da ƙananan koguna masu yawa suna ratsa shi. Idan an tsaga ɓawon itacen sai wani farin ruwa kamar madara ya riƙa ɗiga, in an ƙyafe shi da hayaƙi ya daskare ya zama danƙo. Mutanen kurmin na asali, waɗanda Turawa su ke kira Indiyawa, sun san shi tun kaka da kakanni. Amma kasuwarsa ba ta buɗe ba sai bayan 1839, da wani Ba'amurke mai suna Goodyear ya gano yadda a ke dafa shi da farar wuta don kada ya narke da zafi ko ya tsage da sanyi. A 1888 kuma Dunlop ya yi tayar keke mai iska. Daga nan duniya ta shiga neman roba ido rufe.

Wajen wannan lokaci, daga 1877 zuwa 1879, aka yi wani mugun fari a arewa maso gabashin Birazil, musamman a jihar Siyara. Mutane dubbai suka mutu, waɗanda suka saura kuwa yunwa ta kore su. Attajiran roba suka kwashe su cikin jiragen ruwa, suka kai su can ƙuryar kurmi, har ƙasar Akri, wadda a lokacin tana hannun Bolibiya, sai a 1903 ta zama ta Birazil. Dangin Shiko ma daga Siyara suka fito. Attajiran sun ci riba ƙwarai, amma ba ta daɗe ba. Tun a 1876 wani Bature Ingilishi, Henry Wickham, ya ɗebi irin itacen wajen 70,000 ya kai Ingila, daga can aka kai dashe Silon da Malaya, aka shuka shi jeri jeri a gonaki. Kafin 1913 robar Asiya ta rinjayi ta Birazil a kasuwa, kuɗinta ya faɗi warwas. Itatuwan roba da a ke gani a gonakin wajen Binin da Sapele a ƙasarmu ma jikokin na Amazon ne. Kasuwar ta ɗan farfaɗo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Jafanawa suka kama Malaya a 1942, aka sāke kwasar talakawa dubbai zuwa kurmi da sunan sojan roba. Da yaƙi ya ƙare aka manta da su a can.

A cikin wannan hali aka haifi Shiko, ran 15 ga Disamba, 1944, a wani gandun roba kusa da garin Shafuri, cikin ƙasar Akri. Iyayensa sun haifi 'ya'ya da yawa, amma da dama sun mutu tun suna ƙanana, gama babu likita babu asibiti. Yana da shekara 9 ya fara bin ubansa wurin aiki.

Ga yadda aikin ya ke. A cikin kurmi itatuwan roba ba su tsaya wuri ɗaya ba, warwatse su ke, ɗaya nan ɗaya can. Saboda haka kowane mai tsaga yana da 'yan hanyoyi biyu ko uku da ya sare cikin duhuwa, kowace hanya tana zagawa ta bi ta gindin itatuwa fiye da 100, ta komo bakin bukkarsa. Tun da sauran dare ya kan tashi, ya ɗaura wata 'yar fitilar kananzir a ka, wadda su ke kira poronga, ya bi hanya yana tsaga kowane itace da wuƙa, yana maƙala ɗan gwangwani a ƙarƙashin tsagar. In ya gama zagaye sai ya sāke bi yana juye ruwan. Da yamma ya zauna cikin hayaƙi yana zuba shi a kan sanda yana juyawa, har ya zama babban dunƙule. In damina ta yi ƙarfi, ruwan sama ya hana tsaga, sai su koma tsintar 'ya'yan wani dogon itace da a ke kira gyaɗar Birazil. Abin lura a nan shi ne, mai tsaga ba ya kashe itacen. In ya zurfafa wuƙa itacen ya lalace, shi ne da hasara. Itace guda ya kan ciyar da uba, ya ciyar da ɗa.

Wahalar aikin ba ta kai ta bashi ba. Kowane gandu yana da ubangida, ubangidan kuwa yana da kanti. Mai tsaga ba shi da izinin sayar da robarsa ga kowa sai ubangida, ba ya kuwa sayen gishiri ko kananzir ko harsashi sai a kantinsa, a kan kuɗin da ya ga dama ya yanka. Har hanyoyin da mutum ya ke bi ma sai ya biya kuɗin hayarsu da roba. Tun ranar da ya iso an rubuta masa kuɗin jirgi da na wuƙa da na gwangwani, watau ya fara aiki da bashi a wuya, ya mutu da shi, ɗansa ya gāda. Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa ko auduga gaban sikeli, bai iya duba abin da malamin awo ya rubuta ba, ya san irin wannan zama. Domin wannan ne iyayengijin ba su yarda a yi makaranta a gandunansu ba. Wanda ya iya lissafi zai ga inda a ke cutarsa.

Shiko ya kai wajen shekara 18 bai iya karatu sosai ba. Sai a wajen 1962 wani baƙo ya biyo ta gidansu, maganarsa ba irin ta mutanen kurmi ba, yana kuwa ɗauke da tsofaffin jaridu. Sunansa Euclides Tabora. Dā hafsan soja ne, ɗan gurguzu, yana cikin waɗanda suka yi tawaye a 1935, aka ɗaure shi, ya tsere, daga baya ya zo ya ɓuya a kurmi kusa da iyakar Bolibiya yana tsagar roba. Ya ga yaron yana da kai, ya roƙi ubansa ya bar shi ya riƙa zuwa. Kowane ƙarshen mako Shiko ya kan yi tafiyar wajen sa'a uku a ƙasa zuwa bukkar mutumin. Ba su da littafin koyon karatu, da jaridun nan ya koya. Tabora yana da rediyo mai batir, da dare su kan kama tashar Amurka, su kama ta Masko, su kama ta London, su ji labari guda ta baki uku, sa'an nan malamin ya sa ɗalibin ya auna wanda ya fi kusa da gaskiya. Ko mene ne ra'ayinmu game da gurguzu, wannan hanyar koyarwa mai kyau ce, makarantu da yawa masu benci da allo ba su kai ta ba. Ya kuma gargaɗe shi, in ƙungiyar ma'aikata ta zo ƙasar wata rana, ya shiga, kada ya tsaya shi kaɗai. A 1965 Tabora ya tafi gari, Shiko bai ƙara ganinsa ba.

Shekara guda kafin wannan, a 1964, soja suka ƙwace mulkin Birazil. A ganinsu kurmi wofi ne, ƙasa ce da ba kowa, wajibi ne a buɗe ta. Suka shiga yanka manyan hanyoyin mota, suka ba masu kuɗi rance mai sauƙi da rangwamen haraji don su je su yi kiwon shanu. Daga 1971 gwamnan Akri ya yi ta kiran attajiran kudu su zo su sayi ƙasa da araha. Iyayengijin roba, da ya ke kasuwa ta mutu, suka sayar da gandunansu, da mutanen da ke ciki duka, ba wanda ya tambaye su. Sabon mai ƙasa ba ya bukatar itace, ciyawa ya ke so. Da rani sai ya aiko da ma'aikata da zarto mai inji su kwantar da kurmi, a bar shi ya bushe, wajen Agusta ko Satumba a sa wuta. Wanda ya ƙi tashi a aiko masa da 'yan bindigar haya, a ƙone bukkarsa. Iyalai dubbai suka watse, waɗansu suka ƙetare zuwa Bolibiya, waɗansu suka tare a unguwannin talakawa a bakin Riyo Biranko, babban garin Akri, ba aiki ba abinci. Abin takaici kuma, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi kamar yadda ido ke gani. Albarkarta tana cikin itatuwa da ganyen da ke ruɓewa a ƙasa. In an ƙone su ciyawa ta kan yi kyau 'yan shekaru, sa'an nan ƙasa ta gaji, mai shanu ya matsa gaba ya sāke sara.

Wurin da talakawan nan suka fara samun bakin magana shi ne ikilisiya. Bishop na Katolika a Akri, Moacyr Grechi, ya ƙarfafa 'yan ƙananan tarurruka cikin kurmi, inda mutane su ke haɗuwa ran Lahadi, ba firist, wani daga cikinsu ya karanta Littafi, su yi addu'a, sa'an nan su yi zancen abin da ke damunsu. Shugabannin masu tsaga da yawa a nan suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana. A 1975 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan karkara a garin Birazileya, kusa da iyaka. Shiko ya ji labari, ya tuna da gargaɗin malaminsa, ya tafi, aka zaɓe shi magatakarda. Mutumin da ya zama jigon ƙungiyar shi ne Wilson Finyero, mai tsaga ne shi ma, mai ƙarfin zuciya. A 1977 Shiko ya koma Shafuri ya taimaka aka kafa tasu ƙungiyar, a shekarar kuma ya zama ɗan majalisar gari.

A watan Maris na 1976 suka fara abin da ya sa aka san su, wanda su ke kira empate. Da Fotugis, harshen ƙasar, kalmar tana nufin kunnen doki a wasa, tana kuma nufin tare hanya. In labari ya zo cewa an fara sara a wuri kaza, sai a aika gida gida, mutane su taru, su yi tafiya a ƙasa, wani lokaci kwana da kwanaki, har su iske masu zarto. Sai su tsaya tsakaninsu da itatuwa. Su kan yi musu magana da hankali, gama masu zarton ma talakawa ne 'yan ƙodago, waɗansunsu dā masu tsaga ne da aka kora. Su kan roƙe su su ajiye aiki, su rushe bukkokin zangonsu, su zauna a wurin. Daga baya suka riƙa zuwa da mata da yara, su sa su a gaba, in 'yan sanda sun iso da bindigogi sai jama'a duka su kama taken ƙasa. Ɗan sanda kuwa ya kan rasa yadda zai yi da mace mai goyo tana rera taken ƙasarsa. Suna da doka a bayansu, ko da ya ke ba a bin ta: dokar Birazil ta hana sare itacen roba da na gyaɗar nan, ta kuma ba wanda ya daɗe yana zaune yana aiki a wuri haƙƙi a kansa. Sau da yawa an kama su, an yi musu dūka, an cika mota da su. Bisa ga lissafin Shiko kansa, sun yi irin wannan tsayawa sau 45, suka yi nasara a 15, aka fi ƙarfinsu a 30, amma kurmin da suka tsirar ya kai kusan eka miliyan 3.

Akwai wani darasi da suka koya da tsada. Da fari, in an yi sulhu, a kan yanka wa kowane mai tsaga 'yar gona a ba shi takarda, su kuwa su ga kamar sun ci nasara. Amma mutumin da itatuwansa ke warwatse cikin eka 700 ko fi, me zai yi da ɗan fili? Bai saba noma don sayarwa ba, ba hanya, ba kasuwa. Ba a daɗe ba da yawa suka sayar wa mai shanun nan da suka yi jayayya da shi, suka bi sahun 'yan'uwansu zuwa gari. Shiko ya riƙe wannan a ransa.

Ran 21 ga Yuli, 1980, da dare, aka harbe Wilson Finyero a ofishin ƙungiya a Birazileya. Mutanensa suka jira hukuma, ba ta yi kome ba. Bayan 'yan kwanaki waɗansu daga cikinsu suka tare wani manajan garken shanu da su ke zargi, suka kashe shi. Nan take hukumar da ta yi barci ta farka, aka kama masu tsaga da yawa, aka gana musu azaba. Aka kai Shiko gaban kotun soja tare da Lula, shugaban ma'aikata daga kudu wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, wai su suka zuga jama'a. Sai a 1984 aka sallame su. Waɗanda suka kashe Finyero kuwa ba a hukunta kowa ba. Ramuwar nan ba ta komo da mamaci ba, ta kuma karya ƙungiyar Birazileya shekaru. Daga nan Shiko ya ƙara tsayawa a kan cewa ba za a zub da jini ba, ko da ya ke waɗansu abokansa suna ganin sanyinsa ya yi yawa.

Ragamar aiki ta komo Shafuri, Shiko ya zama shugaban ƙungiyar can. Bai manta da kantin ubangida ba. Daga 1981, da taimakon wata malama mai binciken zaman jama'a, Mary Allegretti, suka buɗe makarantu cikin kurmi, manya da yara suna koyon karatu da lissafi. Littafin koyon suka sa masa suna Poronga, sunan fitilar nan ta ka. Daga baya suka kafa jam'iyyar gama kai, don su sayar da robarsu da kansu. A siyasa dai bai yi sa'a ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Ma'aikata a Akri, ya nemi kujerar majalisar jiha a 1982 da 1986, duka biyu ya faɗi. Mutum ne gajere mai gashin baki, mai sanyin murya, ya fi iya zama a bukka yana sauraron mutane da hawa dandamali.

A watan Oktoba na 1985, shekarar da soja suka sauka daga mulki, masu tsaga fiye da 100 daga sassan Amazon suka taru a Biraziliya, babban birnin ƙasar. Waɗansu ba su taɓa fita kurmi ba sai ran nan. Suka kafa majalisarsu ta ƙasa duka, suka kuma fito da shawarar da ta zama gādon Shiko. Suka ce kada a yanka musu gonaki. A bar kurmi ya zama na gwamnati, a shata iyakarsa, a ba mazaunansa ikon tsagar roba da tsintar 'ya'yan itace da farauta da ɗan noman abinci, su da 'ya'yansu, amma ba mai ikon sayarwa. Abin da ba a iya sayarwa, ba a iya tilasta wa talaka ya sayar. Sun ɗauko dabarar daga irin ƙasar da a ke keɓe wa Indiyawa. Wannan ma abin mamaki ne, gama kakannin masu tsaga da Indiyawa sun yi ta kashe juna a zamanin da a ke buɗe gandunan roba. Shiko da wani shugaban Indiyawa, Ailton Krenak, suka yi aikin sulhunta su, suka ɗaura alkawarin mutanen kurmi.

Wajen wannan lokaci ne masana a Turai da Amurka suka tsorata da ƙonewar Amazon. Hotunan da a ke ɗauka daga sama suna nuna wuta dubbai kowane rani. Sun san kurmin yana jawo ruwan sama, hayaƙinsa kuwa yana ƙara zafin duniya. Amma in sun yi magana sai a ce musu sun fi son tsuntsaye da birai bisa talakawa masu neman abinci. Da suka ji akwai talakawa cikin kurmin waɗanda su da kansu ke tsaron itatuwa, sai suka neme su. Shiko bai fara wannan aiki domin zafin duniya ba, domin abincin mutanensa ya fara. Amma ya gane da sauri cewa bukatarsu da ta baƙin nan ta haɗu, ya kama hannun da aka miƙo masa.

Akwai wata hanyar mota mai lamba BR-364. An shimfiɗa mata kwalta a jihar Rondoniya da rancen Bankin Duniya, cikin 'yan shekaru kurmin jihar ya sha wuta ƙwarai. Sai ga shi za a ja ta zuwa Riyo Biranko da rancen wani banki na raya ƙasashen Amurka. A watan Maris na 1987 abokansa suka kai Shiko Miyami, wurin taron bankin, daga nan Washinton, ya gaya wa masu riƙe da kuɗin abin da ya gani da idonsa. Bai ce kada a yi hanya ba, ya ce a cika alkawarin da aka yi na kāre kurmi da mazaunansa tukuna. A shekarar bankin ya dakatar da biyan kuɗin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar girma, wata ƙungiya kuma ta ba shi wata a Niyu Yok. A gida kuwa 'yan siyasa da masu shanu suka ce shi maƙiyin ci gaba ne, ya je ya kai ƙarar ƙasarsa wurin baƙi.

Cikin masu shanun Shafuri akwai wani Darli Albes da Silba, wanda ya zo Akri daga jihar Farana, ya bar shari'ar kisankai a baya. Ya sayi wani gandu mai suna Kashuwera, inda Shiko ya yi ƙuruciya, danginsa kuma suna zaune a ciki. A 1988 ya tashi zai sare shi, masu tsaga suka taru suka tare hanya, har gwamnati ta karɓe gandun ta bar wa mazaunansa. Shekarar ta yi zafi. A watan Mayu aka harbi samari biyu masu tsaga suna zaman ƙin yarda a ofishin gandun daji, a watan Yuni aka kashe wani ɗan ƙungiya, Ivair Higino, a bakin hanya. Lauyoyin da ke taimakon ƙungiya suka tono takardar kama Darli daga Farana, Shiko ya kai ta hannun 'yan sanda. Aka yi ta jan ƙafa har mutumin ya sami labari ya ɓuya. Daga ran nan kowa a Shafuri ya san abin da ke tafe. Shiko ya rubuta wa hukuma wasiƙu, ya faɗi sunayen masu neman ransa, ya gaya wa 'yan jarida da 'yan'uwansa ba ya tsammanin zai ga ƙarshen shekara. Abokai suka ba shi shawara ya bar Akri ya ɗan huta a kudu. Ya ce zai yi Kirsimati da iyalinsa. Ba neman mutuwa ya ke yi ba, ya sha faɗi cewa rai ya ke so, gama ya ga jana'izar shugabanni da yawa, ba wadda ta tsirar da kurmi.

Ran Alhamis, 22 ga Disamba, 1988, mako guda bayan ya cika shekara 44, yana gidansa na katako a Shafuri. Ya zauna a ɗakin girki yana wasan domino da 'yan sanda biyu da aka ba shi su tsare shi. Da magariba matarsa Ilzamar ta ce za ta kawo abinci, sai ya rataya tawul a kafaɗa zai je wanka, gama wurin wankan yana bayan gida. Yana buɗe ƙofar baya aka harbe shi a ƙirji da bindigar farauta daga cikin duhu. Ya koma ciki yana tangaɗi, ya faɗi, ya cika. 'Yan sandan nan biyu suka gudu. Ya bar 'ya'ya ƙanana biyu a gidan, mai shekara 4 da mai shekara 2, da wata babbar 'ya daga aurensa na fari. Ran Kirsimati aka binne shi, ana ruwa, masu tsaga suka fito daga kurmi a ƙasa suka raka shi.

Waɗanda suka shirya kisan sun zaci zai wuce kamar na Finyero da na ɗaruruwan talakawa da aka kashe a kan rigimar ƙasa ba a tambayi kowa ba. Sai ga labarin a shafin farko na manyan jaridun duniya, mutanen Birazil da yawa ma a ran nan suka fara jin sunansa. Gwamnati ta ji kunya. Bayan 'yan kwanaki Darsi, ɗan Darli, ya ba da kansa, daga baya uban ma ya fito. A watan Disamba na 1990 aka yi shari'a a Shafuri, wani yaro da ya yi aiki a garkensu ya ba da shaida, aka ɗaure uba da ɗa shekara 19 kowanne. Hukunta wanda ya aika, ba wanda ya harba kaɗai ba, abu ne da ba a saba gani ba a ƙasar. A 1993 suka tsere daga kurkukun Riyo Biranko, sai a 1996 aka sāke kama su.

A farkon 1990 Shugaba Sarney ya sa hannu a kan dokar keɓe kurmi irin wanda taron 1985 ya roƙa. Ran 12 ga Maris aka shata wanda ke ɗauke da sunan Shiko, kimanin eka 2,400,000, ya haɗa da ƙasar Shafuri da Birazileya. Daga baya aka yi waɗansu da dama a Amazon da bakin teku. Marina Silba, 'yar masu tsaga wadda ba ta iya karatu ba sai tana da shekara 16, ta kuma tsaya tare da shi a gaban masu zarto, ta zama ministar kula da muhalli a 2003. A 2007 aka sa wa hukumar da ke lura da gandunan dajin ƙasar sunansa.

Kisa dai bai tsaya ba. A 2005 aka harbe wata tsohuwar sista, Dorothy Stang, a jihar Fara, a kan irin wannan magana. Kurmin da ke ɗauke da sunan Shiko ma bai tsira sarai ba. Kuɗin roba ya yi ta faɗuwa bayan mutuwarsa, saniya kuwa kullum tana da mai saye, saboda haka waɗansu daga cikin 'ya'yan masu tsaga da jikokinsu suka shiga sare nasu rabo suna kiwo, waɗansu suka sayar wa baƙi a ɓoye, abin da doka ta hana. Tsofaffin da suka yi empate suna ganin wannan cin amana ne, samarin kuwa suna tambaya da me za su ciyar da gida. Duk da haka hotunan sama suna nuna mafi yawan kurmin yana nan tsaye, filayen da ke kewaye da shi kuwa sun zama makiyaya. Gidansa na Shafuri an mai da shi gidan tarihi, masu ziyara su kan shiga su ga teburin da ƙofar bayan.